Kotun Kumandan a Maraɗi: Tambayoyi da Amsoshi kan Hukumar da ta Haɗa Mulki da Shari'a

Duk wanda ya tashi a Maraɗi ya taɓa jin wani tsoho ya ce "zamanin kumandan", kuma ba kasafai ake faɗar haka da fara'a ba. Sai dai idan ka tambayi matasa wane ne kumandan, wa ya ba shi ikon ɗaure mutum, kuma ina ake kai kuka idan ya yanke hukunci, amsar ba ta da yawa. Wannan shafi ya tattara tambayoyin da aka fi yi game da wannan hukuma da ta shuɗe, wadda ta riƙe mulkin ƙasa da shari'ar manyan laifuka a hannu guda.

Wace hukuma ce ake kira kotun kumandan?

Faransawa sun yanka ƙasashen da suka mallaka gunduma-gunduma. Kowace babbar gunduma sunanta sarkal, kuma Baturen da ke riƙe da ita shi ne kumandan. A ƙarƙashinsa akwai ƙananan barikoki, kowanne da ƙaramin kumandansa. A samansa akwai gwamna, wanda ya zauna a Damagaram har 1926, shekarar da aka mayar da babban birni Yamai. Gwamna kuma yana ƙarƙashin gwamna janar na Afirka ta Yamma da ke Dakar.

Aikin kumandan ba ya ƙirguwa. Shi ke ƙidayar mutane da dabbobi, shi ke karɓar lanho, wato haraji, shi ke fitar da mutane aikin dole, shi ke ɗibar samari soja, shi ke rubuta wa gwamna cewa sarki kaza ya kyauta ko ya kamata a tuɓe shi. Gidan kaso yana hannunsa, gardawan bariki suna hannunsa. A kan wannan duka, shi ne shugaban babbar kotun gundumar: wadda ke shari'ar kisan kai da fashi, kuma wadda ake ɗaukaka ƙara gare ta daga ƙananan kotuna. Mafi yawan kumandoji ba alƙalai ba ne. Na farko-farko hafsoshin soja ne, na baya kuma ma'aikatan mulki. Mutumin da ya aiko a kama ka saboda lanho da safe, shi za ka tarar a kan kujerar shari'a da hantsi.

Kafin zuwan Faransawa, wa ke shari'a a Maraɗi?

Fada ce. Kuma ba za a fahimci wannan fada ba sai an koma Katsina. Bayan da masu jihadi ƙarƙashin Ummarun Dallaje suka ci birnin Katsina wajen 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi arewa. Ɗan Kasawa, ɗan wannan gidan sarauta, ya fake a ƙasar Damagaram shekaru, sannan wajen 1819 ya karɓi Maraɗi ya mayar da ita mazaunin sarautar Katsina. Shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Magajinsa Rauda ya rasu a yaƙin Gawakuke a 1836, tare da Sarkin Gobir Ali, kuma bayan wannan yaƙi ne Gobirawa suka kafa Tsibiri, nan kusa da Maraɗi. Ɗan Baskore, wanda ya yi kimanin shekara 20 a kan karaga a tsakiyar ƙarni na 19, shi ne sarkin da aka fi tunawa.

Ƙaura da Galadima da Ƴandaka da Durɓi, su huɗun nan su ne rukunin sarauta, su ke zaɓen sarki. Akwai kuma Iya, babbar mace a fada, mai kula da sha'anin mata da na bori. Ƙananan rigingimu kamar iyakar gona, ɓarnar shanu, ko faɗan kishiyoyi, mai gari da dattawa ke kashe su tun a zaure. Aure da saki da gado da bashi tsakanin Musulmi suna zuwa gaban alƙali, wanda ke hukunci da fiƙihun Malikiyya. Anna, waɗanda ba su musulunta ba, suna da shugabanninsu da irin tasu rantsuwar. Maganar jini kuwa ta sarki ce.

To, nan ma ai mulki da shari'a a haɗe suke, kuma ba za a ce ba a yi zalunci ba. Ƙasa ce ta yaƙi da hari da kamun bayi. Bambancin da nake gani shi ne sarkin yana da waɗanda yake shakka. Rukuni na iya juya masa baya, kuma a ƙarshen ƙarni na 19 sun sha yin haka, lokacin da Ƙaura Hasau ya yi ƙarfi har sarakuna suka riƙa hawa da sauka. Malami na iya buɗe littafi ya ce ba haka nassi ya ce ba. Kuma da harshe ɗaya sarki da talaka ke magana. Kumandan kuwa ba wani mahaluki a duk faɗin sarkal ɗin da zai iya tuɓe shi.

Yaushe Maraɗi ta shiga hannun Faransa?

Ba a rana ɗaya ba. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka yi a 1898 ta ja iyakar da ta bar wa Faransawa hanya marar ruwa tsakanin kogin Kwara da Damagaram. A 1899 rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa, Birnin Konni na cikin waɗanda suka fi shan wuya, har sojojinsu suka kashe su a watan Yuli kusa da Maijirgi, a ƙasar Tasawa. A 1900 aka kafa yankin mulkin soja mai hedikwata a Damagaram. Sai da aka sake zama a 1904 da 1906 aka matsa iyakar kudu, Maraɗi da Tsibiri suka faɗa ɓangaren Faransa, Katsina ta zauna ɓangaren Ingila.

A shekarun farko an jingina Maraɗi ga barikokin maƙwabta, musamman Tasawa. A shekarun 1920, bayan Nijar ta tashi daga yankin soja ta zama ƙasar mallaka a 1922, Maraɗi ta zama mazaunin kumandan da kanta. Cinikin gyaɗa ya ƙara mata nauyi. Ambaliyar Gulbi ta 1945, wadda ta cinye tsohon garin da ke cikin fadama, ita ta sa aka tashi aka sake gari a kan tudu, da tituna miƙaƙƙu irin tsarin bariki.

Wace doka ce ta kafa wannan kotu?

Tushenta dokar 10 ga Nuwamba 1903 ce, wadda ta tsara shari'a a duk Afirka ta Yamma ta Faransa. Ta raba mutane biyu. Akwai ƴan ƙasar Faransa, wato Turawa da haifaffun garuruwa huɗu na Senegal, waɗanda ke da kotuna irin na Faransa, da alƙalai na gaske da lauyoyi. Akwai kuma talakawan mallaka, wato kusan kowa da kowa, waɗanda aka yi wa nasu kotunan hawa uku: ta ƙauye a hannun mai gari, ta lardi a hannun sarki da dattawa biyu, sai ta sarkal a hannun kumandan da dattawa biyu.

An sake gyara tsarin a 1912 da 1924 da 1931, kuma duk gyaran wuri ɗaya ya nufa: ana zare iko daga hannun sarakuna ana ƙara wa Bature. Daga 1924 aka koma kiran su kotun mataki na ɗaya da ta mataki na biyu, kuma ko ta matakin farkon ma yawanci ƙaramin kumandan ke shugabantarta. Dokar 3 ga Disamba 1931 ta ware kotun manyan laifuka a hedikwatar kowane sarkal, ita ma kumandan ne a kanta.

Yaya zaman shari'ar yake a zahiri?

Bari a kawo misali irin wanda ya yi ta faruwa. Manomi ya taso daga wani ƙauye na bakin Gulbi tun asuba, saboda maƙwabcinsa ya ci masa iyakar gona, kuma hukuncin da aka yi a ƙasa bai gamsar da shi ba. Ya iso bariki, ya zauna a inuwa tare da sauran masu jira. Gardi mai jar dara, da bulala a hannu, shi ke kiran suna. Manomin ya tuɓe takalmi, ya shiga, ya durƙusa. Kumandan na zaune a bayan teburi, dattawa biyu a gefe da rawunansu, magatakarda da babban littafi, tafinta a tsaye.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, gonar nan ubana ya sare ta, kuma gawon da ke tsakiya shi ne iyaka tun ina yaro." Ya kawo sunayen waɗanda suka ga saran, ya faɗi shekarar da aka yi fari aka ba maƙwabcin aron gefe guda, ya faɗi yadda aron ya zama ƙwace. Ya yi magana mai tsawo, domin haka ake kafa hujja a zauren mai gari. Tafinta ya juya ya faɗa wa kumandan jimla biyu da Faransanci. Manomin bai san abin da aka faɗa ba, bai san abin da aka bari ba. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce masa, "Ɗana, za ka iya dafa Alƙur'ani a kan wannan magana?" Ya ce zai iya. Kumandan ya tambayi dattawan me al'ada ta ce game da aron gona, suka faɗa, tafinta ya juya. Aka rubuta hukunci cikin harshen da mai ƙara da wanda ake ƙara duk ba sa ji.

Ba a yarda lauya ya tsaya wa mutum a waɗannan kotuna ba. Iyakarsa ɗan'uwa ko wani dattijo ya raka shi. Saboda haka tafinta ya zama ƙofa. Akwai tafintocin da suka ji tsoron Allah, suka ceci mutane da yawa ta hanyar sassauta magana ko fahimtar da Bature abin da bai gane ba. Akwai kuma waɗanda sai an kai musu rago ko damin gero da daddare. Abin da ke damuna shi ne tsarin da ya bar gonar mutum da ƴancinsa a kan halin mutum ɗaya wanda ba mai bin sawunsa, domin sau da yawa kumandan ba ya jin Hausa, kuma kafin ya fara ji an canja masa wuri.

Mene ne indijena, kuma ɗaya take da kotun?

Ba ɗaya ba ne, kuma ita ce ma tsofaffi suka fi tunawa. Indijena iko ne da aka ba kumandan ya hukunta talakan mallaka nan take, ba shari'a, ba shaidu, ba ɗaukaka ƙara. An fara ta a Aljeriya, aka kawo ta Senegal a 1887, aka shimfiɗa ta a sauran Afirka ta Yamma a farkon ƙarni na 20. Iyakarta kwana 15 a kaso da tarar tamma (faran na Faransa) 100, wato dala 20, kuɗi mai yawa a lokacin. A 1924 an rage ta a wasu yankuna zuwa kwana 5 da tamma 15, aka kuma keɓe wasu mutane daga cikinta, kamar sarakunan kanto, wato hakimai, da tsofaffin sojoji masu lambar yabo, da ma'aikatan gwamnati.

Laifukan da ta ƙunsa su ne jinkirin biyan lanho, ƙin fita aikin hanya, ƙin amsa kira, ɓoye mutum ko dabba ranar ƙidaya, yaɗa maganar da za ta tada hankali, da rashin ladabi ga wakilin hukuma. Wannan na ƙarshen ba shi da iyaka, tunda wanda aka yi wa rashin ladabin shi ke faɗin an yi, kuma shi ke yanke hukunci. Idan kuma ana ganin mutum barazana ne ga mulki, malami ne ko basarake, gwamna janar na iya sa a kai shi wata ƙasa mai nisa a tsare har shekara 10, ko a ci gari guda tara.

Da wace doka ake hukunci: ta Musulunci, ta gargajiya, ko ta Faransa?

A rubuce, da al'adar masu shari'ar, muddin ba ta saɓa wa abin da dokar 1903 ta kira ƙa'idojin wayewar Faransa ba. Faransawa sun lissafa shari'ar Musulunci a matsayin al'ada ɗaya cikin al'adu. Shi ya sa ake zaɓen dattawan kotu bisa ga mutanen da ke gabanta: malami idan Musulmi ne, masanin al'adar anna idan anna ne, Bafillace ko Buzu idan rigimar ta shafi makiyaya. An hana yanke hannu da sauran hukuncin da ke taɓa jiki, aka musanya su da ɗauri. A nan ne kaso ya zama hukuncin yau da kullum a ƙasar da a da ta fi sanin diyya da tara da bulala da kora daga gari. Ƴan kaso kuma su ne leburorin bariki.

A ɓangaren laifuka an daɗe ba wani kundi, sai abin da dattawa suka ce da abin da kumandan ya ga dama. Sai a 1941 aka fito da kundin hukunta laifuka na talakawan mallaka. A ɓangaren aure ma Faransa ta sa hannu: dokar Mandel ta 1939 ta ce ba aure sai da yardar ma'aurata, ta sa shekara 14 ga yarinya, 16 ga yaro, dokar Jacquinot ta 1951 ta taɓa maganar tsadar kuɗin aure. A ƙauyuka kaɗan ne suka ji labarinsu.

Idan mutum bai yarda da hukunci ba, ina zai je?

Daga matakin farko zai je wurin kumandan. Daga kumandan hanya ta yi nisa. A tsarin 1903, duk hukuncin da ya wuce ɗaurin shekara 5 sai an aika takardunsa Dakar, wani sashe na babbar kotun ɗaukaka ƙara ya duba ya tabbatar. Daga baya aka kafa kotun ɗaukaka ƙara a babban birnin kowace ƙasa, tamu a Yamai, Dakar kuma ta riƙe ikon soke hukunci. Alƙalan can sun sha mayar da shari'a saboda an karya ƙa'ida, wannan gaskiya ne. Amma takarda suke karantawa, kuma wanda ya rubuta takardar shi ne wanda ake ƙorafi a kansa.

Sarki da alƙalinsa sun daina shari'a ke nan?

Ko kusa. Mafi yawan rigingimu ba su taɓa isa bariki ba. Mutane sun ci gaba da kai aure da gado da gona gaban mai gari da liman da fada, wani lokaci don sun fi yarda da su, wani lokaci don tsoron abin da zai biyo baya idan Bature ya san sunanka. Doka ta bar wa sarakuna ikon sulhu, ta ƙwace musu ikon hukunci.

Abin da ya lalace shi ne matsayin sarkin. Ya zama mai albashi, mai samun kaso daga lanhon da ya tara, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shi ake ba adadin mutanen da za a kawo aikin hanya, shi ake ba adadin samarin soja, shi ke tilasta zuba gero a rumbunan ajiya na dole da aka ƙaƙaba bayan yunwar 1931. Dogarinsa ne talaka ke gani a ƙofar gida, ba kumandan ba. Idan ya tausaya wa mutanensa a tuɓe shi, idan ya matsa musu su tsane shi. Rukunin da ke zaɓen sarki ya zama mai ba da shawara, zaɓen gaske yana teburin gwamna.

Da gaske ne mutane sun riƙa gudu Najeriya saboda wannan?

Da gaske ne, kuma rahotannin Faransawa kansu cike suke da kukan haka. Jibiya da Katsina da Daura ba nisa, harshe ɗaya, dangi ɗaya. Lokacin ɗibar soja ko matsin lanho, gida guda kan tashi da dare, wani lokaci ƙauye sukutum.

A can Turawan Ingila sun bi wata hanya. Sun bar kotunan alƙalai da kotun sarki suna aiki da sunansu, har manyan sarakuna na da ikon yanke hukuncin kisa idan gwamna ya tabbatar, Bature kuma yana duba littattafai daga baya. Wannan ba ya nufin talakan Katsina ya huta. Haraji da jangali da zaluncin ƴan doka suna nan, kuma ƴan jam'iyyar adawa ta NEPU sun ɗanɗana kuɗarsu a kotunan alƙalai a shekarun 1950. Amma babu ɗibar soja ta dole irin ta Faransa, kuma mai shari'a yana jin abin da alƙali ke faɗa. Kusancin iyaka ya zama wani ɗan birki ga kumandan Maraɗi, domin wanda ya matsa da yawa zai wayi gari ba masu biyan lanho.

Shin babu wani alheri da kotun ta kawo?

Akwai, kuma rashin faɗinsa rashin adalci ne. Dokar 12 ga Disamba 1905 ta haramta saye da sayar da mutum, kotuna kuma suka daina karɓar ƙarar ubangijin da ke neman a mayar masa da bawansa da ya gudu. Bauta ba ta mutu a ranar ba, ta daɗe tana ɓuya a ƙarƙashin wasu sunaye, amma kasuwarta ta mutu. Hare-haren da aka yi kusan shekara 100 ana yi tsakanin Maraɗi da ƙasashen Sakkwato sun tsaya, manoma suka fita daga bakin Gulbi suka sari daji suka kafa ƙauyuka a arewa. Wasu mata sun samu a bariki rabuwar auren da aka hana su a gida. Rubuta hukunci a littafi ma abu ne mai amfani.

Duk da haka ba na jin waɗannan sun wanke tsarin. Hukumar da ta ƴanta bawa ita ce ta ɗaure ɗa da igiya ta kai shi fasa dutse ba lada. Kuma duk alherin da aka samu ya rataya ne ga halin wanda aka turo: idan mai sauƙin kai ne a ji daɗi shekara biyu, idan mugu ne a sha wuya shekara biyu. Talaka ba shi da wani haƙƙi da zai riƙe ya ce nawa ne ko wa ke kan kujera.

Yaushe aka rushe ta?

A hankali, kuma mafi yawan rushewar a cikin ƴan watanni na bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da ƴan Afirka suka shiga majalisar Faransa. Dokokin 22 ga Disamba 1945 da 20 ga Fabrairu 1946 suka soke indijena. Dokar 11 ga Afrilu 1946, mai ɗauke da sunan ɗan majalisa Houphouët-Boigny, ta haramta aikin dole. Ranar 30 ga Afrilu 1946 aka ƙwace shari'ar laifuka daga kotunan talakawan mallaka aka mayar da ita ga kotuna irin na Faransa. Ranar 7 ga Mayu dokar Lamine Guèye ta ce kowa ɗan ƙasar Faransa ne. A wannan watan ne kuma aka kafa jam'iyyar PPN a Yamai.

Sai dai alƙalai ƙwararru ba su wadata ba, don haka a wurare da yawa ma'aikacin mulki ya ci gaba da zama kujerar alƙali da sabon suna, kuma shari'ar aure da gado da gona ta zauna a tsohon tsari har bayan ƴancin kai na 3 ga Agusta 1960. Dokar 16 ga Maris 1962 ce ta haɗe kotunan Nijar suka zama tsari ɗaya ga kowa. A 1964 aka soke sarkal, aka raba ƙasa manyan yankuna 7, Maraɗi ɗaya daga ciki, perefe, mai riƙe da babban yanki, da superefe, mai riƙe da gunduma a ƙarƙashinsa, suka gaji kumandan. A ƙauye dai an daɗe ana ce wa superefe kumandan, kuma ba a rasa dalili ba: a zamanin jam'iyya ɗaya da zamanin soja bayan 1974, mai mulkin gunduma na iya sa a rufe mutum ba tare da alƙali ya sani ba.

Me ya rage daga wannan tsari a shari'ar yau?

Abu uku a fili suke. Na farko, al'ada har yanzu doka ce a aure da saki da gado da wasiyya da gonar da ba ta da takardar mallaka. Dokar 1962 ta riƙe wannan, dokokin tsarin kotuna na 2004 da 2018 ma suka riƙe. Na biyu, dattawan nan biyu ba su tafi ba: idan ana shari'ar al'ada, alƙali na zama da masana al'adar masu shari'ar, yawanci malamai, suna ba shi shawara. Na uku, sarakuna na da ikon sulhu, kuma a rigimar gona ko ta manomi da makiyayi daga wurinsu ake farawa, a rubuta takardar sulhu ko ta rashin sulhu kafin a wuce jastis, wato kotun gwamnati. Dokar karkara ta 1993 ta ƙara da kwamitocin kula da filaye. Wanda ya san abin da ya faru a ƙauyen Toda da ke yankin Maraɗi a 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, ya san wannan mataki na farko ba abin wasa ba ne.

Harshe ma yana nan. Mai ƙara na magana da Hausa, sau da yawa alƙalin ma Bahaushe ne ko yana jin Hausa sarai, amma hukuncin da Faransanci ake rubuta shi. Shekaru da dama kuma ɗan Maraɗin da ya ɗaukaka ƙara sai ya bi takardunsa zuwa Damagaram. Ina ganin tsoron da dattawanmu ke yi wa jastis, har mutum ya gwammace ya bar haƙƙinsa da a ce ya taka ƙofarta, gado ne daga zamanin da shiga bariki ba ya da tabbacin fita. Babban abin da ya canja shi ne gwamnan jiha ko perefe ba shi da kujera a kotu, kuma wanda ya ga yana neman zama a kanta yana da dokar da zai nuna masa.

Fadar Maraɗi kuwa, wadda Faransawa suka mayar sarautar lardi, an ɗaga ta zuwa matsayin sultan a 2010, tare da ta Gobir a Tsibiri.

Ina mai son bincike zai samu takardun wannan kotu?

Wuri uku. Gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa da ke Yamai yana da rahotannin sarkal-sarkal da na rangadin kumandoji. Na Senegal da ke Dakar shi ke riƙe da takardun gwamna janar, ciki har da na shari'a, domin can ake aika manyan hukunce-hukunce. Na uku yana garin Aix-en-Provence a Faransa, inda aka tara takardun ma'aikatar ƙasashen mallaka.

Mai nema ya tafi da sunan ƙauye yadda Bature zai rubuta shi, domin Tsibiri za ka gan ta Tibiri, Tasawa kuma Tessaoua, sunayen mutane ma haka. Ya tafi da kimanin shekara, ko da ta hanyar lissafi da wani abin da kowa ya sani ne, kamar yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ko tashin gari na 1945. Kuma ya sani abin da zai karanta muryar kumandan ce da ta tafinta. Muryar wanda ya durƙusa a gaban teburin tana wurin jikokinsa, da zuriyar alƙalai da limamai masu ajiye takardun ajami a cikin gafaka, da makaɗan fada. Wanda ya shekara 15 lokacin da aka soke aikin dole, yau ya haura 90. Idan akwai irinsa a gidanku ko unguwarku, a je a gaishe shi, a nemi izininsa, a kunna waya a ɗauki maganarsa, a kuma tambaye shi sunan gardin da na tafintan da na dattawan da suka zauna a kotun, domin da waɗannan sunaye ne za a iya gano shari'ar a cikin littafin.